Daga Sauron Ambursa Zuwa Allon Kwamfuta: Waiwaye Kan Ilimin Kwaikwayo

Duk wanda aka ɗora wa aikin jama'a ya san tambayar da ke hana shi barci: idan muka yi kaza, me zai biyo baya? Idan aka raba gidan sauro a Gwandu bana aka bar Kalgo sai baɗi, yara nawa za su kwanta? Idan aka ƙara ma'aikacin jinya ɗaya a asibiti, awa nawa za a rage wa mai jira? Gwada irin waɗannan abubuwa a kan mutane yana da tsada, wani lokaci ma da rai ake biya. Shi ya sa masana suka ɓullo da dabarar gina ƙaramin kwafin al'amarin a cikin kwamfuta, da mutanensa da lokutansa da ƙa'idojinsa, a sake shi ya yi tafiyar shekara goma cikin minti ɗaya, a ga inda zai kwana. Dabarar ita ce kwaikwayon kwamfuta, abin da aka gina kuma shi ne samfuri.

A yau ɗalibin da ke garin Kambaza a Jihar Kebbi, in yana da kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan data, zai iya sauke manhajar da ke wannan aiki kyauta. Da yawa daga cikin matasanmu suna ɗaukar ilimin a matsayin baƙo. Tarihinsa kuwa ya ratsa ta ƙofar gidanmu. A ƙasar Hausa aka gwada wasu daga cikin samfuran farko, a nan suka faɗi, kuma da bayanan da aka tattara daga ƙauyukanmu aka gyara su. Abin da aka jima ba a samu ba shi ne hannun ɗan ƙasa a kan ginin samfurin kansa.

Lissafin da ya yi alkawari

A 1897 likitan Ingila Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro, aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Daga nan ya koma ga lissafi. Zuwa 1911 ya nuna a takarda cewa ba sai an kashe kowane sauro za a tsayar da cutar ba. Akwai wani adadi wanda in yawan sauro ya sauka ƙasa da shi, cutar za ta mutu da kanta.

A shekarun 1950 George Macdonald, shugaban Cibiyar Ross da ke Landan, ya ɗora a kan wannan. Ya lura cewa ƙwayar cutar tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikin sauro kafin cizonsa ya zama mai harbi. Saboda haka in aka gajarta rayuwar sauro, kaɗan ne za su kai wannan lokaci. Maganin feshi a bangon ɗaki yana yin haka, domin sauro in ya sha jini yakan sauka a bango ya huta. Wannan tunani ya ƙarfafa gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 1955 ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga duniya.

Lissafin ya tsaya ne a kan zato uku: sauro duk ɗaya ne, mutane duk ɗaya ne, kuma maganin zai isa kowane ɗaki a kan kari. Ƙasar Hausa ta ƙaryata ukun ɗaya bayan ɗaya.

Ambursa da Kankiya

A 1954 aka fara aikin gwaji na yaƙi da maleriya a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi da Argungu, da tallafin UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. An raba yankin, ana fesa magunguna iri uku a ɗakunan mutane: DDT, BHC da diyaldirin. Kafin ƙarshen 1955 ma'aikata suka tarar da sauro a Ambursa wanda diyaldirin ba ya kashewa. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan turjiya a babban sauron da ke yaɗa maleriya a Afirka, aka buga labarin a mujallar kimiyya ta Nature a 1956.

An kai irin sauron Ambursa Landan, inda George Davidson ya yi kiwonsa. Ya nuna cewa turjiyar gado ce da ke bin ƙwayar halitta ɗaya, don haka duk feshin da aka yi yana share masu rauni ne ya bar wa masu taurin kai fili. Da ya haɗa sauron Ambursa da na Legas kuma, sai mazan da aka haifa suka fito ba sa haihuwa. Daga wannan zare ne aka bi har aka gane cewa abin da ake ɗauka jinsi ɗaya ne, ashe jinsuna ne da dama masu kama da juna a ido, amma halayensu sun bambanta. Zato na farko ya rushe a ƙasar Gwandu.

A ƙarshen shekarun 1960 aka yi wani gwaji a Kankiya ta ƙasar Katsina. A wannan karo an sa lissafin Macdonald a kwamfuta, kwamfutar ta nuna cewa feshin DDT haɗe da raba wa kowa magani zai iya yanke yaɗuwar cutar. Aka yi feshin, aka raba maganin, cutar ta ragu amma ba ta yanke ba. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye daga burin kawar da cutar cikin ƙanƙanin lokaci.

Garki: inda aka saurari ƙasa

Darasin Kankiya ne ya haifi aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a gundumar Garki, a lokacin cikin Jihar Kano, yanzu Jigawa. Cikin manufofin aikin tun daga farko har da gina samfurin lissafi da gwada shi da abin da ido ya gani. Kafin a fesa komai, an shafe kimanin shekara ɗaya da rabi ana ƙirga kawai. Duk bayan mako goma ana ɗibar jinin mutanen wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka a duba a madubin likita. Akwai ma'aikatan da ke kwana zaune suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum, domin a san cizo nawa mutum ke sha a dare. Daga 1972 zuwa 1973 aka yi feshi da rabon magani, sannan aka ci gaba da sa ido bayan an daina.

A ƙauyukan da aka fi matsa wa cutar, masu ɗauke da ita sun ragu ƙwarai, amma yaɗuwar ba ta tsaya ba, kuma da aka janye hannu sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a ɗaki bayan ya sha jini. Waje yake fita, inda feshi bai kai ba. A 1974 Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka fitar da samfurin Garki. Sun raba jama'a rukuni bakwai, suka shigar da abin da samfuran baya suka raina, wato garkuwar jiki: babba da ya sha fama da cutar tun yana yaro ba ɗaya yake da jariri ba, yana iya yawo da ƙwayar cutar ba tare da ya kwanta ba. Zato na biyu ya rushe a nan.

Garki bai kawar da maleriya ba, amma ya bar gado mai daraja. Har yau bayanansa suna cikin ma'aunin da ake gwada sababbin samfura da shi a duniya. Manoman da suka miƙa yatsunsu aka ɗibi jini, da ma'aikatan da suka kwana cikin sauro, suna da rabo a wannan ilimi, ko da ba a rubuta sunayensu a kan takardun ba.

Hanyoyi uku, kowace da gidanta

A daidai wannan zamani, ilimin kwaikwayo yana girma a Amurka da Turai ta hanyoyi uku da ba su cika gaisawa ba.

Ta farko ita ce hanyar tari da kwarara. Jay Forrester, injiniya da ya tashi a gonar kiwon shanu a Nebraska, ya koma sashen nazarin gudanarwa na jami'ar MIT a 1956. Manajojin kamfanin General Electric sun kawo masa kuka cewa masana'antarsu ta Kentucky tana ɗaukar ma'aikata tana sallama kusan duk shekara uku. Da fensir da takarda ya bi sawun oda da kaya da ma'aikata, ya nuna musu cewa tsarin yanke shawararsu da jinkirin da ke cikinsa ne ke haifar da hawa da saukar. A wannan hanya ana kallon al'amari kamar rumbu: akwai abin da ke ciki, akwai abin da ake zubawa, akwai abin da ake ɗiba, kuma yawan na ciki shi ke sa a ƙara zubi ko a rage ɗiba. Forrester ya buga littafinsa a 1961, a 1972 kuma almajiransa suka yi amfani da hanyar wajen fitar da shahararren rahoto kan iyakar bunƙasar duniya. Samfurin Garki ɗan uwan wannan hanya ne, domin shi ma rukunai ne da mutane ke kwarara daga wannan zuwa wancan. A 1971 ma masanan Jami'ar Jihar Michigan sun gina samfurin kwaikwayo na noman Nijeriya, wanda ɓangarensa na Arewa ya ƙunshi shanu da gyaɗa da auduga.

Ta biyu ita ce hanyar layi da aukuwa. A 1961 Geoffrey Gordon na kamfanin IBM ya fitar da GPSS, inda ake bin abu ɗaya-ɗaya yana isowa, yana jira, ana yi masa aiki, yana wucewa. Agogon samfurin yana tsalle ne daga wannan aukuwa zuwa ta gaba. Ita ce hanyar masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da asibitoci. A maƙwabciyarmu Nijar an yi amfani da ita a farkon shekarun 2010, lokacin da Bruce Lee da abokan aikinsa na Jami'ar Pittsburgh suka kwaikwayi tafiyar alluran rigakafi daga babban ɗakin sanyi na Yamai zuwa ƙananan asibitoci da manhajarsu HERMES. Sun nuna cewa ƙara sababbin allurai ba tare da ƙara firji da motoci ba zai cushe hanyar, har tsofaffin alluran ma su kasa isa ga yara. Nan zato na uku ya sami mai auna shi.

Ta uku ita ce hanyar ɗaiɗaiku. A 1971 masanin tattalin arziki Thomas Schelling ya jera kwabbai a kan allo mai gidaje-gidaje, ya ba kowane kwabo ƙa'ida mai sauƙi game da maƙwabtan da yake so, ya ga yadda ƙaramin zaɓin kowa ke tara wariyar unguwanni da babu wanda ya shirya ta. Hanyar ta jira kwamfuta ta yi ƙarfi. A shekarun 1990 ta bunƙasa, a 1999 kuma Uri Wilensky ya fitar da NetLogo. A nan kowane mutum a samfurin yana da shekarunsa da gidansa da tarihin rashin lafiyarsa. Wannan ce amsar matsalar da Ambursa da Garki suka tono, wato yaudarar matsakaicin adadi. Manyan samfuran maleriya na wannan zamani, OpenMalaria na cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan, da EMOD na Amurka, duk a wannan hanya suke, kuma dukansu sun yi awo da bayanan Garki.

Haɗuwar hanyoyin

Tsawon shekaru kowace hanya tana da manhajarta da taronta da malamanta. Wanda ya koyi ɗaya yakan tanƙwara kowace matsala ta dace da abin da ya iya. A shekarar 2000 wasu masana kwamfuta daga birnin St. Petersburg na Rasha, ƙarƙashin jagorancin Andrei Borshchev, suka fitar da AnyLogic, wadda ta yi suna da ba mutum damar haɗa hanyoyin uku a cikin samfuri ɗaya. An gina ta a kan harshen kwamfuta na Java, kuma tana da siga ta kyauta don masu koyo.

Amfanin haɗin yana fitowa sarai idan muka dubi halin da Kebbi take ciki. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar, mafi yawa a Nijeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. A watan Disamba na 2024 aka fara ba da allurar rigakafin maleriya ta R21 a Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi. Sau huɗu ake yi wa yaro: a wata biyar, shida, bakwai, sannan a wata 15.

A ce ana son sanin yara nawa ne a Kambaza da ƙauyukan da ke kewaye da ita za su kammala huɗun. Yawan sauro yana hawa da sauka da damina, da ruwan da ke kwanciya a fadamu da gonakin shinkafa. Wannan aikin hanyar tari da kwarara ne. Shawarar kai yaro asibiti kuwa a gida ake yanke ta, kuma gidaje sun bambanta: nisan hanya, kuɗin mashin, izinin maigida, ranar kasuwa, lokacin shuka da girbi, makiyayan da ke tashi da dabbobinsu, wannan aikin hanyar ɗaiɗaiku ne. A ranar rigakafi akwai layi, da ma'aikata ƙalilan, da firjin da ke buƙatar wuta. Wannan aikin hanyar layi ne. Ukun kuma suna taɓa juna. Uwar da ta wuni a layi aka ce allura ta ƙare tana iya ƙin dawowa, ɗanta ya kamu da zazzaɓi a watan Agusta, ya ƙara tsawon layin da ya kori uwarsa tun farko. Wannan zagaye ba ya bayyana a hanya ɗaya ita kaɗai. Sai an haɗa su ake ganinsa, kuma sai an gan shi ake sanin ko kuɗin da ke hannu ya fi amfani a ƙarin ma'aikaci, ko a firji mai aiki da hasken rana, ko a kai allurar ƙauye.

Irin wannan aiki ya riga ya shiga tsare-tsaren ƙasa. Lokacin shirya tsarin yaƙi da maleriya na 2021 zuwa 2025, hukumar da ke kula da shirin ta yi aiki da masanan Jami'ar Northwestern ta Amurka, cikinsu har da 'yar Nijeriya Ifeoma Ozodiegwu, suka yi amfani da EMOD wajen kwaikwayon ƙananan hukumomi 774. Gwandu da Kalgo suna cikin lissafin. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai samfurin da ya ɗauki ƙasa duka ba zai san wace hanya ce ruwa ke yankewa a watan Satumba ba. Ɗan gari ne ya san wannan.

Ta ina mai koyo zai fara?

Tarihin nan ya riga ya shimfiɗa tsarin koyo. Forrester da fensir ya fara, Schelling da kwabbai, mutanen Garki da ƙirga. Manhaja ce ta zo daga baya, kuma haka ya kamata ta zo wa mai koyo.

Matakin farko tambaya ce ɗaya, ƙarama, wadda wani yake jiran amsarta. Motoci nawa ne za su iya sauke shinkafa a injin casa a rana ba tare da sun kwana a layi ba? Idan manoman albasa na Aliero suka adana rabin amfaninsu na wata uku, me zai sami farashi, kuma nawa zai ruɓe? Bayan tambaya sai zane a takarda: me ke taruwa, me ke jira, wa ke yanke shawara. Amsar waɗannan ukun ita ke nuna hanyar da ta dace. Sau da yawa hanya ɗaya ta wadatar, kuma wanda bai iya kowace ita kaɗai ba, haɗa su zai ƙara masa ruɗani ne kawai.

Daga nan sai bayanai: rajistar asibiti da izinin hukuma kuma ba tare da sunayen marasa lafiya ba, littafin awo na injin casa, ko tsayawa da agogo a ƙirga masu shiga da fita. Sai a gina samfuri mafi sauƙi da zai iya motsi. Don hanyar tari da kwarara akwai Vensim mai sigar koyo ta kyauta. Don ɗaiɗaiku akwai NetLogo, kyauta ce kuma tana zuwa da misalai masu yawa da za a buɗe a sauya. Wanda ya iya harshen Python yana da SimPy don layi da Mesa don ɗaiɗaiku. AnyLogic kuma tana haɗa ukun, sai dai sigarta ta kyauta tana da iyaka kan girman samfuri, kuma tana son mutum ya san ɗan Java. Da zarar an sauke su suna aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci a inda data ke da tsada.

Mataki mafi nauyi shi ne gwaji. Kafin a tambayi samfuri labarin baɗi, a sa shi ya maimaita bara, a kwatanta da abin da ya faru. Idan akwai sa'a da dace a cikinsa, a gudanar da shi sau ɗaruruwa a dubi faɗin sakamakon, kada a riƙe adadi ɗaya. Sannan a kai shi gaban ungozoma, ko mai awo, ko direban da ke bin hanyar, a nuna musu yana motsi a allo. Inda suka ce ba haka ake yi ba, nan gyara yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mutanen da za su yi aikin suna nan kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Kowace shekara ɗalibai suna neman batun aikin kammala karatu, ma'aikatun lafiya da noma kuma suna yanke shawarwari masu nauyi da ƙarancin ma'auni. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɓangarorin biyu: ma'aikata ta kawo tambayarta da bayananta, malami ya sa ido, ɗalibi ya gina samfurin, a adana shi da bayanansa a jami'a domin na baya ya ɗora a kai. Idan aka ɗore da haka na 'yan shekaru, Kebbi za ta sami mutanenta da za su iya zama da kowane masani daga waje, su karanta samfurinsa, su nuna masa inda ya dace da ƙasarsu da inda ya kauce, kafin a kashe kuɗi a kan shawararsa.